Jami'a ko konkur? Amsa ga ɗalibin Tawa mai son aikin polis

Tambayar ta fito daga wani matashi na Tawa da ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, bana. Burinsa ya zama ɗan sanda, babba ma in da hali. Ya ji ana cewa a wasu ƙasashe akwai digiri na aikin ɗan sanda da ake yi a jami'a, yana son ya san ko akwai irinsa a nan, in kuma babu, wane fanni ya kamata ya karanta. Mahaifinsa kuwa yana ganin jami'ar ɓata lokaci ce, gara ya shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da bak ɗinsa ya fara ɗaukar albashi.

Ɗana, barka da cin bak, Allah ya sa albarka. Na yi aikin nan har na ajiye kaki, mafi yawan shekaruna a ɓangaren binciken laifuka, kuma sabbin ma'aikata da dama sun ratsa ta hannuna, daga masu BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, har masu mastar. Da abin da na gani zan ba ka amsa.

A Nijar jami'a ba ta yaye ɗan sanda. Ƙofar ɗaya ce: konkur ɗin da Ma'aikatar Cikin Gida take buɗewa, sannan horo a Makarantar Ƴan Sanda ta Ƙasa da ke Yamai. Ko da digirin digirgir ka zo, ta nan za ka bi, a aske maka kai, ka yi gudun asuba tare da kowa. Abin da takardar makaranta take yi maka shi ne ta nuna inda za ka fara. Rukunin ma'aikata huɗu ne. Akwai ƙananan ƴan sanda da ake kira gardiyan, waɗanda ake ɗauka da BEPC. Sai sufetoci, masu bak. Sai ofisiye na polis, masu lisans, wato digirin farko. A sama kuma komiser, wanda ake nema da mastar ko tsohuwar metiriz. Tsari ne da muka gada daga Faransa, inda har gobe mai son zama komiser daga waje sai ya kawo mastar, ya ci konkur, sannan a tura shi makarantarsu da ke kusa da Liyon. Iyakar shekarun haihuwa, da tsawo, da irin takardun da ake karɓa, duk sanarwar konkur ce take yanke su, saboda haka ka riƙa karanta ta da idonka, kada ka dogara da abin da aka ce a fada.

Abin da ka ji game da wasu ƙasashe gaskiya ne, amma akwai sauran bayani. A Ingila da Wales, tun wajen 2020 jami'o'i da yawa suna ba da digiri na shekara 3 kan aikin ɗan sanda. Ɗalibi ne yake ɗaukar nauyin karatun, kuma in ya gama sai ya nemi aiki kamar kowa, digirin bai ba shi tabbacin kaki ba. Akwai kuma hanyar da ake ɗaukar mutum aiki yana karɓar albashi yana karatun digirin. Su kansu ba su daina jayayya a kai ba: a 2022 gwamnatinsu ta ce kada a rufe ƙofa ga marasa digiri, a 2024 aka buɗe sabuwar hanyar shiga da ba ta bukatarsa. Nan maƙwabta, makarantar ƴan sanda ta Wudil a jihar Kano tana da matsayin jami'a, ana shekara 5 a fito da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufurtandan ƴan sanda. Sai dai ta ƴan Najeriya ce. Na faɗi wannan ne don na san yaran Adar, wato yankin Tawa, da yawa idonsu yana Sakkwato da Kano. In ka je Sakkwato ka karanta shari'a, za ka dawo da ilimi mai kyau, amma na tsarin Ingila, alhali a konkur ɗinmu dokar Nijar ake tambaya, da Faransanci, kuma sai ka nemi takardar daidaita digiri kafin a karɓi dosiyenka.

To wane fanni? Shari'a. Ba ni da wata tantama a kan wannan. Kana da sa'a ma, don ba sai ka bar gida ba: Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, wato FADEG. In kuma Yamai ka fi so, akwai tsangayar shari'a da siyasa a Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda. Dalilina ba wai don shari'a ce ta fi fitowa a jarrabawar konkur ba kawai, ko da yake ita ce. Dalilin yana cikin aikin kansa.

Matasa suna ganin ɗan sanda da bindiga da mota da jiniya. Amma wanda ya shiga a matsayin ofisiye ko komiser, rabin rayuwarsa a gaban takarda take. Da zarar ka zama jami'in binciken shari'a, wanda muke kira OPJ, ba shugabanka na komisariya kaɗai kake yi wa aiki ba, kana ƙarƙashin jagorancin alƙali mai shigar da ƙara. Duk abin da ka gani, da abin da aka gaya maka, da abin da ka ƙwace, da lokacin da ka tsare mutum, sai ya hau takardar da muke kira PV. Alƙalin da zai yanke hukunci bai je wurin ba, bai ga jinin ba, bai ji kukan ba. PV ɗinka ne idonsa. Na ga ɓarayin da kowa a unguwa ya san su ne, an sake su don an yi wasa da takarda. Na kuma ga wanda bai ji ba bai gani ba ya share watanni a gidan kaso don mai rubutu ya ƙara gishiri.

Bari in kawo maka abin da za ka tarar a kowace komisariya ta jihar Tawa lokacin kakar albasa. Mutum uku za su shigo da safe, kowannensu bakinsa ɗaya: «Ranka ya daɗe, ya ci mini kuɗi.» Na farko manomi ne daga wajen Galmi. Ya ba wani ɗan kasuwa buhunan albasa bashi, za a kai Abijan, in an sayar a biya shi. Kasuwa ta faɗi, rabin kayan ya ruɓe a hanya, ɗan kasuwa ya dawo yana ta gobe jibi. Na biyu ya ɗauki kuɗi ya damƙa wa wani direba ya kai wa ƙanensa a Ƙwanni, direba ya yi bikin aurensa da su. Na uku kuma wani ne ya zo masa da takarda mai hatimi, ya ce shi wakilin wani kamfani ne da zai sayi albasa da tsada, sai dai a fara biyan kuɗin rajista. Kamfanin babu shi a duniya.

Ga wanda bai yi karatu ba, magana ɗaya ce, kuma magani ɗaya: a kamo mutum a jefa shi a ɗaki har danginsa su kawo kuɗi. Ga wanda ya zauna ajin shari'a, magana uku ce. Ta farko ciniki ne da bashi. An sayar da kaya, mai saye ya kasa biya. Babu laifin da dokar hukunta laifuka ta sani a ciki, lamari ne na kotun da ke duba hulɗar kasuwanci da haƙƙoƙi, kuma in ka tsare ɗan kasuwar nan kai ne ka karya doka. Ta biyu cin amana ce: kuɗin ba su taɓa zama na direba ba, an ba shi ne don ya isar, ya karkatar. Ta uku damfara ce, domin ƙarya da dabara su suka sa aka ba da kuɗin tun farko. Abin da ya raba su shi ne irin yarjejeniyar da aka ƙulla, da kuma lokacin da ha'incin ya shigo, kafin a miƙa kuɗin ne ko bayan an miƙa. Kuma ka lura, ba a darasin hukunta laifuka kaɗai ake koyon wannan ba. A darasin dokar yarjejeniya ake gina shi, wanda ɗaliban da ke mafarkin kaki suke gudu suna cewa ba nasu ba ne. Kada ka bi sahunsu. Mai da komisariya wurin karɓar bashi yana cikin abubuwan da suka fi zubar mana da mutunci, kuma ba kullum mugunta ce take kawo shi ba. Sau da yawa jahilci ne, ga kuma babban mutum tsaye a kanka yana cewa a taimaka. Wanda ya san doka yana da abin da zai kare kansa: ya ba mai ƙara kujera, ya yi masa bayani da ladabi, ya nuna masa hanyar kotu.

Dokokin da za ka rayu da su guda biyu ne, ta hukunta laifuka da ta tsarin binciken laifi da shari'arsa. Tushensu na 1961 ne, an sha yi musu gyara tun daga lokacin, don haka kada ka yi karatu da tsohon kwafin da wani yaya ya bari a kwali. Ta biyun ita ce ɗalibai suka fi raina wa, ita ce kuma take kayar da ma'aikata. Tsarewar bincike a laifuka na yau da kullum awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara. Laifukan ta'addanci suna da nasu wa'adin da ya fi haka tsawo. Dole a sanar da wanda ake tuhuma haƙƙinsa na ɗaukar lauya, kuma in za a miƙa shi kotu sai da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Shiga gidan mutum don bincike yana da lokutansa da shaidunsa. Abin da aka ƙwace, wuƙa ce ko salula ko ƙullin ƙwaya, sai an rufe shi an buga hatimi an rubuta bayaninsa. Kana iya haddace waɗannan a makarantar polis cikin ƴan watanni. Abin da jami'a take ƙara maka shi ne sanin dalilinsu, kuma wanda ya san dalilin ƙa'ida ba ya saurin tsallake ta ran da aka matsa masa lamba da ƙarfe biyun dare.

Sai rubutu. A nan ne nake gane wanda ya yi jami'a da gaske da wanda ya yi yawon harabarta. Mai shaida zai yi maka magana da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamajak, ko Fulatanci, kai kuma ka zuba ta a takarda da Faransanci. Tsohuwa ta ce maka duhu ne, amma tana zaton ɗan gidan wane ne saboda tafiyarsa. Malalacin marubuci zai sa cewa ta gane shi sarai. Ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta iya karantawa ba, shi ke nan an ɗaure yaro da zato. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma dokokin da za ka yi aiki da su da jarrabawar da za ka zauna da Faransanci suke. Ka gyara shi sosai. Ka koyi rubuta jimla gajera mai ɗauke da wane, da me, da ina, da yaushe. Wahalar da malaman shari'a za su ba ka da sharhin hukunci da warware matsala a takarda, ita ce ainihin horon PV, ko da ba su kira ta haka ba. In kuma kana da abokan ɗaki Buzaye ko Fulani ko Zabarmawa, ka kama harshensu tun yanzu. Ɗan sanda ba ya zaɓen inda za a tura shi, kuma mai bincike da tafinta rabin magana yake ji.

Akwai wani abin da ya shafi Adar musamman. Ka san labarin Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙwanni a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa da sunan mata ta biyar. Tun 2003 doka ta mai da bauta laifi a Nijar, amma da maganarta ta je gaban hukumomi sai aka riƙa juya ta a matsayin rikicin aure na al'ada. A Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta yanke cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Irin wannan yana iya faɗowa teburinka cikin siffar «matata ta gudu». Kana ɗan ƙasar, ka san al'adar, wataƙila ma ka san dangin. Karatu ne zai ba ka idon da za ka ga laifi a inda kowa yake ganin abin da aka saba.

Ba na cewa sauran fannoni ba su da amfani. Aikin ya faɗaɗa. Tun da aka yi dokar laifukan intanet a 2019, mai ilimin kwamfuta yana da wurin zama a bincike, don yau da wuya ka ga dosiyen da babu salula a cikinsa. Mai lissafin kuɗi da gudanarwa shi yake iya bin sawun kuɗin da aka wawure ko aka wanke. Masu kimiyyar sinadarai da halittu ana bukatarsu a sashen kimiyya da fasaha na polis, haka ma ofishin yaƙi da fataucin ƙwayoyi, OCRTIS. Masu ilimin zamantakewa da halayyar ɗan Adam sun fi kowa iya zama da yarinyar da aka ci zarafinta ba tare da sun ƙara mata ciwo ba. In zuciyarka tana ɗaya daga cikin waɗannan, kuma kana da ƙarfi a kai, yi shi, amma ka nemi sanarwar konkur ta shekarun baya ka ga ko ana kiran masu irin takardar, sannan ka riƙa karanta shari'ar laifuka a gefe. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne makarantun kuɗi masu tallar digirin «tsaro» ko «binciken laifuka» da hoton mutum sanye da safar hannu. Kafin ka zuba kuɗin mahaifinka, ka tambaya ko gwamnati ta amince da takardarsu, ko CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance digirori, ta san da ita. Suna mai daɗi ba ya wuce teburin masu tantance dosiye.

Yanzu maganar Baba. Kada ka ɗauka bai san abin da yake faɗa ba. Lisans a takarda shekara 3 ce, amma da yajin aiki da shekarun karatu masu hawa kan juna tana iya zama 4. Kuɗin tallafin ɗalibai ba kullum suke zuwa a kan kari ba. Ba kowace shekara ake buɗe konkur na kowane rukuni ba, kuma guraben komiser kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Na san masu mastar da suka zauna jiran wannan konkur ɗin shi kaɗai, suna raina na ofisiye, har shekarunsu suka haura iyaka. Kuma wanda ya shiga da bak ba a rufe masa sama ba. Akwai konkur na cikin gida da ma'aikaci yake yi bayan ya cika wasu shekaru a aiki, ya haura rukuni na gaba. Wasu daga cikin komiser ɗin da na fi girmamawa ta nan suka hau, kuma sun san titi fiye da kowa. Sai dai hanya ce doguwa. Karatu bayan ka kwana a sintiri, ga mata ga yara, ga canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Diffa ko Arlit, ba kowa yake jurewa ba. Da yawa sun shiga da niyyar ci gaba da karatu, aiki ya haɗiye su.

Ga yadda nake ganin a yanke. In gida zai iya ɗaukar ka shekara 3 ko 4 ba tare da an sayar da gona ba, kuma shekarun haihuwarka suna da sarari, ka shiga FADEG, ka yi lisans, ka zauna konkur ɗin ofisiye da zarar an buɗe. Ka yi rajistar mastar kana jira, amma kada ka ƙi na ofisiye don kwaɗayin komiser. In kuwa kai ne babba, ƙanne suna kallonka, Baba ƙarfinsa ya fara raguwa, to ka yi rajista a jami'a duk da haka, in an buɗe na sufeto ka zauna. Ka ci, ka tafi da abin da ka riga ka koya. Ba ka ci ba, shekararka ba ta tafi a banza ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaman jiran konkur a fada ana dafa shayi. Kuma ka je wa Baba da lissafi, ba da gardama ba: ga shekarun, ga abin da za a kashe, ga rukunin da za ka shiga in ka jira. Lisans ta shari'a ma ba polis kaɗai take buɗewa ba, tana kai mutum konkur na wasu ma'aikatun gwamnati in wannan bai yiwu ba, kuma iyaye suna jin irin wannan hujjar.

Ka tabbatar kuma polis ɗin kake so, don matasa suna haɗa kaki wuri guda. Polis da Gardi, wato rundunar Garde Nationale, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, Jandarma kuwa ƙarƙashin ta Tsaro. Polis ta fi aiki a birane da kan iyakoki, kamar Ƙwanni inda aka kafa rundunar sintirin iyaka a 2019. Karkara galibi ta jandarmomi ce. Kowanne da konkur ɗinsa da irin rayuwarsa.

Akwai abin da jami'a ba za ta ba ka ba, wasu lokutan ma takan rage maka. Jiki na farko. Shekara 3 a kan benci da shinkafa da wake, sai ranar gwajin gudu ka ga mai lisans yana haki tun zagaye na biyu. Ka riƙa gudu tun yanzu, ka je a duba idonka da haƙoranka da hawan jini kafin likitan konkur ya duba. Na biyu girman kai. Za ka fito makarantar polis da galo a kafaɗa, a ba ka mutanen da wasunsu sa'annin mahaifinka ne, waɗanda suka san kowane lungu na gari da kowane dillalin babur ɗin sata. In ka shigo musu da Faransancin aji, za su ƙame su sara maka, su bar ka ka faɗa rami. Ka gaishe su da girmamawa, ka tambaye su, ka saurara. Amma ka san abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari, don a cikin abin da tsohon hannu zai koya maka har da gajerun hanyoyin da doka ba ta sani ba, irin su mari kafin tambaya da «na goro» a bakin hanya. In ka karɓa sau ɗaya a gabansu, ba ka da bakin hana su har ka bar wurin.

Wani amfanin jami'a da ba a cika faɗa ba: za ka zauna a ɗaya gefen garkuwa. Za ka ga taron ƙungiyar ɗalibai, ka ji zafin jiran kuɗin tallafi, wataƙila ka shaƙi barkonon tsohuwa. Kowane ɗalibi a Nijar ya san 9 ga Fabrairu 1990, ranar da jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu maci a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. Ofisiyen da ya taɓa zama cikin irin wannan taron ya san cewa mafi yawan waɗanda ke gabansa ba abokan gaba ba ne, yara ne masu yunwa da fushi, kuma ya san da wa ake magana a cikinsu. Sai dai ka yi hattara da naka sawun. Ana neman takardar shaidar rashin laifi daga kotu, kuma ana binciken hali kafin a tabbatar da mutum. Ƙona taya, fasa mota, tiramol don karatun dare, zagin da ka rubuta a Facebook kana shekara 19, duk suna iya tashi su tare maka hanya.

Takardu kuma, ka duba su cikin watan nan. Ɗauko takardar haihuwarka ko hukuncin kotu da ya maye gurbinta, da ta zama ɗan ƙasa, da BEPC, da bak, ka jera su a tabarma. Sunanka iri ɗaya aka rubuta a duka? Na mahaifinka fa? Mahamadou a nan, Mamane a can, ranar haihuwa ta bambanta da shekara guda: wannan kaɗai ya isa a ajiye dosiye gefe, kuma gyaransa a kotu yana cin lokacin da ba za ka samu ba in an riga an yi sanarwa. Duk wanda kuma ya zo maka da cewa yana da mutum a sama, a kawo kuɗi a sa sunanka, ka tuna da mai ƙara na uku a labarin albasa.

In ka fara karatu, ka ware safiya guda a mako ka je babbar kotun Tawa ranar da ake shari'ar ƙananan laifuka. Zaman a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko dala. Ka zauna a baya da littafinka. Ka saurari yadda alƙali yake karanta PV, da inda lauya yake kama shi, da abin da wanda ake tuhuma yake cewa in an tambaye shi ko haka ya faɗa a komisariya. Ka rubuta laifin da aka tuhume shi da shi, in ka koma gida ka buɗe kundin doka ka nemo ayar, ka gani ko abubuwan da ta shardanta sun cika a abin da ka ji.